Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya: dan Allah ku zo ku mana bayanin kalmar nan ta haƙƙin mallaka da Hausa

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranka ya daɗe shugaban hukuma, da sauran ma'aikatanku na Abuja da na jihohi, barkanku da aiki, Allah ya taimaka ya dafa.

Ni marubuciya ce, irin mu ɗin nan da ake ce ma marubutan onlayin, a waya nake rubutu a waya nake sayarwa, kuma na daɗe ina son in rubuto muku amma sai in ce wa zai saurare ni, to yanzu dai abun ya kai min iya wuya shi yasa na ce bari in rubuta a fili kowa ya gani, in Allah yasa wani a cikinku ya karanta shikenan.

Bari in fara da abun da ya same ni. Wata takwas na yi ina rubuta wani labari, da daddare bayan yara sun yi barci, wani lokacin babu wuta sai in kai waya caji wajen mai shago in dawo in cigaba, idona har ciwo ya yi a lokacin. Da na gama na buɗe gurup a WhatsApp na sa naira 500, mata suka biya na zuba su ciki. Ranka ya daɗe ko sati biyu ba a yi ba wata ƙawata ta turo min wani abu ta ce ke ba littafinki ba ne wannan? Ina buɗewa sai na ji muryar wani bawan Allah yana karanta labarina a YouTube tun daga shafin farko, ya yanka shi kashi-kashi, ga talla tana ta fitowa a tsakani. Na nemi lambarsa da ƙyar na masa magana cikin mutunci, amsar da ya ba ni ita ce ta sa ni rubuta wannan wasiƙar. Cewa ya yi, Hajiya ai ni da kuɗina na saya, ga shedar biya ma in kina so, tunda na saya ai na mallaka, kuma ban ɓoye sunanki ba na faɗa a farko.

Na yi fushi a ranar, na yi kuka ma. Amma da na kwana na tashi sai na gane mutumin nan fa ba wai rainin hankali yake min ba, shi har ga Allah haka ya fahimci maganar. Kuma in ka duba kalmar da muke amfani da ita ba za ka ga laifinsa duka ba.

Haƙƙin mallaka muke cewa. Haka ake bugawa a shafin farko na littattafan Hausa tun ina yarinya, wani lokacin har da ƙaramin harafin m a gefe, haka ’yan jarida suke faɗa a rediyo. To amma meye mallaka a kunnen Bahaushe? Ka sayi akuya a kasuwa ka biya, ka mallake ta, ka ga dama ka yanka ka ga dama ka sayar ka ga dama ka yi kyauta da ita, in ta haihu ’ya’yan naka ne, wanda ya sayar maka ba shi da ta cewa kuma. Takardar mallakar fili haka, mallakar gida haka. Kalmar ma ta ɗauki kaya da yawa, ga mulkin mallaka na Turawa, ga mallakar da mata suke faɗa a kan miji. Duk inda ka juya ta ma’anarta ɗaya, abu ya dawo hannunka gaba ɗaya sai yadda ka yi da shi. Shi yasa in ka ce ma mutum haƙƙin mallaka, shi kuma ya san ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya sayi littafin, to a lissafinsa shi ne mai haƙƙin mallakar.

Ita kuwa dokarku akasin haka ta faɗa. Ɗan yayata yana karatun lauya, shi na zaunar ranar wata Asabar ya buɗe dokar a kwamfutarsa yana karantawa yana mayar min da Hausa, muka kai har magariba. Dokar ta 2022 wadda shugaban ƙasa na lokacin Muhammadu Buhari ya sa ma hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali tun dokar soja ta 1988. A ciki aka ce ƙarara mallakar abun da aka zuba aikin a cikinsa, takarda ce ko faifai ko waya ko memori, ba ta ba ka haƙƙin aikin kansa. Wato wanda ya biya ni 500 ya sayi damar karantawa ne, ya karanta sau ɗari in yana so, amma kwafewa ya raba ma jama’a, ko ya fassara, ko ya mayar da shi fim ko wasan kwaikwayo, ko ya karanta a rediyo, ko ya ɗora a intanet inda kowa zai samu, duk waɗannan suna hannuna sai da izinina. Wallahi da na ji haka sai da na ce ma yaron ya maimaita min. Shekara nawa ina rubutu ba wanda ya taɓa faɗa min wannan da harshen da nake rubutun da shi.

Ya kuma nuna min cewa ita kalmar Turancin ma, wato copyright, asalinta damar yin kwafi take nufi, tun dokar da aka yi a Ingila a 1710 lokacin da rigimar ta masu buga littattafai ce. Faransawa kuma haƙƙin mawallafi suke cewa, shi yasa maƙwabtanmu na Nijar sunan ofishinsu da ke Yamai yake ɗauke da mawallafi, Larabawa ma haƙƙin talifi suke cewa. Ka ga su duk sun nuna ko dai aikin da aka hana ko kuma mutumin da ake karewa. Tamu kalmar ba ta nuna ko ɗaya ba, mallaka kawai, ta wa? ta me? shiru.

Ni ban ce a jefar da kalmar ba, ta riga ta zauna a bakin mutane kuma tumɓuke ta ba ƙaramin aiki ba ne. Amma ku ne hukuma, tun 1989 aka kafa ku, ya kamata a ce zuwa yanzu akwai tsayayyen bayani da Hausa wanda ya fito daga bakinku. In haƙƙin mallakar fasaha za a ce to a ce, in haƙƙin mawallafi ne ya fi to a tsaya a kai, ni dai a raina haƙƙin mai fasaha ya fi kwanta min don zai ɗauki mawaƙi da mai zane da mai hoto da mai fim ba marubuci kaɗai ba, kuma yana jin sa mutum zai san ana maganar wanda ya yi aikin ne ba wanda ya saya ba. Sannan a raba mana shi da sauran ’yan uwansa, don mutane sun cakuɗa su. Mai turaren wuta da aka kwaikwayi sunan kayanta da tambarinta ita ma haƙƙin mallaka take cewa, alhali nata maganar alamar kasuwanci ce kuma rajistarta tana ƙarƙashin ma’aikatar masana’antu da kasuwanci ta tarayya ba wajenku ba, haka wanda ya ƙera wata sabuwar na’ura shi ma can zai nufa. Kalma ɗaya muke ja ma abu uku.

Yanzu in ka shiga cikin matasa masu harkar bidiyo, kofirait suke cewa, kuma a wajensu kofirait wata bulala ce da YouTube ko Facebook ko TikTok yake yi ma mutum. Za ka ji ana cewa an buga min kofirait, ko kar ka sa waƙar nan akwai kofirait a jikinta, kaman wata cuta. Sai su koyi dabarun kaucewa, a ƙara ma murya sauri, a juya hoton, a yanke daƙiƙa kaza, in na’urar kamfanin ba ta kama ba to a ganinsu abun ya halatta. Ba su san akwai wani mutum mai rai a bayan waƙar ba wanda haƙƙinsa ne ake magana. Kuma abun tausayi su ma ɗin in an ɗauki nasu bidiyon ba su san suna da wani abu da za su iya nema ba.

Mu kuma marubuta makaminmu Allah ya isa. Buɗe kowane littafin onlayin ka gani, kafin bisimilla ma wani lokacin, ban yafe ba ga duk wadda ta karanta ba ta biya ba, ban yarda a juya min labari ta kowace siga ba, duk wanda ya fitar min da littafi na bar shi da Allah. Ba na raina wannan, ni ma na rubuta kuma da gaske nake, wanda ba shi da gata ai Allah ne gatansa. Amma ka lura da abun da hakan yake nunawa, mutane sun san a jikinsu akwai haƙƙi, sun san ana cin sa, abun da ba su sani ba shine ƙasarsu ta rubuta shi a doka kuma ta kafa hukuma sukutum a kansa.

Akwai ɗaya ɓangaren da yake damuna fiye da satar ma, wato yadda rashin sanin nan yake haɗa mu faɗa da junanmu. Satar fasaha, wannan kalmar ta raba zumunci da yawa a cikin marubuta. Wata ta rubuta labarin auren dole, wata ma ta rubuta, sai ka ji an tashi gurup da zage-zage wai ta sace min labari. Ɗan mai kuɗi ya so ’yar talaka, uwar miji ta tsani suruka, kishiya ta shiga malamai, tagwaye sun rabu tun suna jarirai, dan Allah wa ya ƙirƙiro waɗannan? Kakanninmu ma sun ji su a tatsuniya. Dokarku ta ce ba ta kare tunani ko dabara ko tsari, abun da take karewa shine yadda ka zuba shi, kalmominka, jerin yadda ka gina abun, zubin da ya zama naka. Na san wata yarinya mai hazaƙa wadda ta daina rubutu gaba ɗaya saboda an taru an mata ca a kan ta yi sata, na karanta littattafan biyu da idona, ba abun da ya haɗa su sai cewa duk jaruman marayu ne da suka tashi a hannun matar uba. A gefe guda kuma ga wadda za ta kwashe shafi ashirin na wata kalma da kalma ta canza sunan Aisha zuwa Zainab ta canza Kano zuwa Kaduna, ita kuma ta ce ai na canza suna ba sata ba ne. Duk su biyun ba wanda ya taɓa nuna musu inda iyakar take. Ku ne za ku nuna.

Sai maganar rajista. Mutane da yawa a Kano sun ɗauka in ka kai littafinka ko fim ɗinka hukumar tace fina-finai da ɗab’i ta jiha aka buga maka hatimi to ka samu haƙƙin mallaka, wanda bai kai ba kuma ba shi da komai. Alhali aikin tacewa daban, duba tarbiyya da dacewa ne, haƙƙin mai fasaha kuma daban. A dokarku haƙƙin yana tabbata ne daga lokacin da ka yi aikin da ƙoƙarinka ka kuma ajiye shi a wani abu da za a iya gani ko ji, ko a takarda ko a waya, ba sai ka cike fom ba ba sai ka biya kowa ba, kuma ba a duba ko aikin ya yi kyau ko bai yi ba. Rajistar da kuke yi tana da amfani don ta zama maka sheda ranar rigima, amma ba ita ke haifar da haƙƙin ba. Wannan magana ɗaya tak in ta shiga kunnen mata masu rubutu a ɗakunansu wallahi za ta canza yadda suke kallon kansu, don akwai masu cewa ai ni ba a buga nawa ba, ba ni da rajista, wa zai kula ni.

Bari in zo kan cinikin labari, don nan ne ake kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Furodusa zai kira marubuci a waya, labarin nan naka ya min, nawa zan ba ka, a yi ciniki a baki a tura kuɗi ta banki shikenan, ba takarda ba sheda. Bayan shekara fim ya zama mai dogon zango, ana ta zuba shi kashi bayan kashi, an sayar ma gidan talabijin an ɗora a intanet, marubuci yana gefe yana kallo, wani lokacin ko sunansa ba a sa ba an sa na wani. In ya yi magana a ce ai ka sayar. To me ya sayar? Na fim ɗaya ne ko na har abada? Da littafin a ciki ko ban da shi? Ba wanda ya sani don ba a taɓa faɗa ba. Doka ta ce sayar da haƙƙin ɗungurungum, ko ba mutum ɗaya izinin da ba wanda zai yi tarayya da shi a ciki, ba ya tabbata sai a rubuce. Kuma ko ka sayar ɗin a rubuce akwai abun da ba ya sayuwa muddin kana raye, shine a ambaci sunanka a matsayin wanda ya yi aikin, da kuma damar ka hana a lalata shi ta yadda zai zubar maka da mutunci. Su ma furodusoshin ba duka ne mugaye ba, da yawansu haka suka taras ana yi, kuma su ma ana musu, fim bai kwana biyu da fita ba ka same shi a wajen masu tura fina-finai a waya a bakin kasuwa ana zuba ma mutane a memori da ’yan canji kaɗan.

Maganar sunan nan fa ba baƙuwa ba ce a wajenmu, kar a ɗauka Turawa ne suka kawo mana. Duk wanda ya taɓa sauraron rubutacciyar waƙar Hausa ta da, irin waƙoƙin wa’azi da ake rerawa, ya san a baitocin ƙarshe mai waƙar yakan faɗi sunansa da na mahaifinsa da garinsu, wani har ya sa ramzi, wato haruffan da ke nuna shekarar da ya yi ta, don kar wani ya zo daga baya ya ce tasa ce. Malamanmu na zaure in za su karantar da littafi sai sun yi ma mawallafi addu’a, kuma malami yakan faɗi daga wa ya karɓo. Wato rabin abun da dokarku take faɗa mun riga mun san shi, mun san jingina magana ga mai ita amana ce. Ɗaya rabin ne sabo, na kuɗi, don a da makaɗi sarki ko attajiri ke masa kyautar doki da riga, marubucin allo da tawada kuma kwafin hannu ba ya wuce ’yan kaɗan. Yanzu da danna yatsa ɗaya mutum zai raba littafi ma mutum dubu. In za ku yi mana bayani ku fara daga abun da muka sani ku kai mu ga wanda ba mu sani ba, za a fi saurin karɓa.

Haka ta fuskar addini, don wallahi nan ne ake yawan rufe mana baki. Ka ce a biya ka sai a ce ai ilimi na Allah ne ba a ɓoye shi, a jawo maka hadisin wanda ya ɓoye ilimi za a sa masa linzamin wuta. Ni ba malama ba ce amma na san wanda ya sa ma littafinsa kuɗi bai ɓoye ba, ga shi nan a kasuwa, kuma na san dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da yardar ransa. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a watan Disamba na 1988 ta yanke cewa haƙƙin talifi da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari’a ta kare, bai halatta a keta su ba. Mutum nawa ne a cikin masu tura littattafanmu suka taɓa jin wannan? Ku nemi malamai ku zauna da su, minti biyar a huɗubar Juma’a ko a wajen tafsiri ya fi taron otal goma isa inda ake so. Wanda kuma ya ga dama ya yi waƙafin aikinsa ya ce kowa ya kwafa fisabilillahi, Allah ya ba shi lada, haƙƙinsa ne ya bayar, amma ba wani ne zai yi masa kyauta da kayansa ba.

Akwai kuma masu ganin in mutum ya rasu shikenan aikinsa ya zama na kowa. Dokar ta ce rubutu da waƙa da zane haƙƙinsu yana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai shi ya rasu, fim da hoto da sautin da aka ɗauka kuma shekara 50 daga fitowarsu. Ka ga Alhaji Abubakar Imam ya rasu a 1981, to rubuce-rubucensa suna cikin kariya har ƙarshen 2051. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, waƙoƙin da ya ƙirƙira sai ƙarshen 2069. Amma waƙoƙin Nana Asma’u ’yar Shehu da ta rasu tun 1864 sun daɗe da zama na al’umma, kowa zai iya bugawa ya rera ya fassara, sai dai ya faɗi mai su. Yanzu ka duba yawan tashoshin da suke cin kuɗi da muryoyin tsofaffin makaɗanmu, ka je ka ga halin da iyalan wasunsu suke ciki. Gado ne fa wannan kaman gona kaman gida, ya kamata magada su san da shi ranar rabon gado.

Ba zan ɓoye namu laifin ba, don laifi tudu ne. Mu marubutan da muke kuka, sau nawa muke ɗauko hoton wata baiwar Allah a intanet mu manna a bangon littafi ba mu tambayi mai hoton ba balle ita? Akwai masu ɗauko littafin Turanci ko fim ɗin Indiya ko na Koriya su juye shi da Hausa su sa sunansu. Ga fina-finan Indiya da ake ɗora ma muryar Hausa suna yawo ko’ina, fassara ce, kuma fassara tana cikin abubuwan da sai da izinin mai aikin. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Berne tun 1993, ma’anarta aikin ɗan wata ƙasar da ke cikin yarjejeniyar yana da kariya a nan kaman yadda namu yake da ita a can. Wannan ya shafe ni kai tsaye don ina da masu karatu a Maraɗi da Damagaram da suke turo min kuɗi ta hannun ’yan canji, kuma Nijar ma tana ciki. In muna son a kare namu dole mu san na wasu ma haƙƙi ne, kuma wannan ma bayani yake buƙata ba kame kaɗai ba.

Shi mai karanta littafina a YouTube ya kawo wata hujja da ta tsaya min a rai, ya ce ai makafi da tsofaffi da matan da ba su yi boko ba su ne masu sauraro, kina so a hana su? Ba na so wallahi, kakata ma da kunne take jin labari. Kuma dokarku ba ta manta da makafi ba, ta buɗe ƙofar a mayar musu da littafi zuwa sigar da za su iya amfana ba don riba ba, bisa yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 da Najeriya ta amince da ita a 2017. Ta kuma bar ma ɗalibi da mai nazari da mai sharhi da ɗan jarida damar su ɗauki wani yanki gwargwado su ambaci mai shi. Amma wannan daban da mutum ya kwashe littafi gaba ɗaya ya buɗe tasha yana karɓar kuɗin talla. Da ya zo ya ce Hajiya zan karanta, ga kason da zan riƙa ba ki, wallahi da na amince da gudu, don ni ma ina son labarin ya kai inda rubutu ba ya kaiwa.

To ranka ya daɗe ga roƙona. Ku fassara dokar nan da Hausa, ba fassarar kalma da kalma da ba mai ganewa ba, ku haɗa lauyoyinku da malaman Hausa na jami’o’inmu irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, ku sa marubuta da mawaƙa da ’yan fim a ciki don su ne suka san kalmomin da ake faɗa a bakin aiki, a fitar da ɗan ƙaramin littafi da boko da ajami, a kuma karanta shi da murya a riƙa turawa a waya, tunda ta waya ake satar ta waya ya kamata maganin ya bi. Ku shiga rediyo, Bahaushe da rediyo ai sai Allah, a buɗe layi mutane su kira su yi tambaya. Ranar 23 ga Afrilu da ake bikin littafi da haƙƙin mawallafa a duniya, ko sau ɗaya ku yi taronku a cikin kasuwar littattafai ta Sabon Gari ko wajen masu waya na Farm Centre a nan Kano, da Hausa, ku zauna da masu turin nan ku ji ta bakinsu, yawancinsu yara ne masu neman na abinci kuma in aka samar musu hanyar da za su riƙa biyan wani abu su yi sana’arsu da izini da yawa za su bi.

Abu biyu kuma nake so ku ba mu a hannu. Na farko takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya da Hausa, wadda marubuci da furodusa ko marubuciya da mai tashar karatu za su cike, me aka bayar, na tsawon wane lokaci, nawa aka biya, sunan wa za a sa. Na biyu samfurin wasiƙar da ake tura ma kamfanonin intanet a ce su sauke abun da aka ɗora ba izini, tunda sabuwar dokar ta ba mu wannan damar har ta ba ku ikon toshe shafin da ya zama matattarar sata. Don maganar gaskiya shari’ar haƙƙin mallaka Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke sauraronta, kuma matar da take sayar da littafi naira 500 ba za ta iya ɗaukar lauya ta yi ta zarya ba, kuɗin mota kaɗai ya cinye ribar littafin. A samu wani tebur a ofisoshinku na arewa da mai jin Hausa a zaune, da lambar waya da ake ɗagawa, wanda zai kira ɓangare biyu ya musu sulhu kafin a kai ga kotu.

Shi wancan bawan Allah daga baya ya sauke rabin abun da ya ɗora bayan ɗan yayata ya rubuta masa saƙo, rabin yana nan har yau ana saurare. Ina da sabon littafi da na kusa gamawa, kuma a shafin farko ina son in rubuta bayanin haƙƙina da Hausar da ta fito daga hukumarku, yadda duk wanda ya saya zai gane me ya saya me bai saya ba tun kafin ya fara karantawa. In kun shirya zaman fassarar ku sanar a rediyo ko a shafinku, ni da ƙawayena marubuta za mu zo da kuɗin motarmu.

Na gode, Allah ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Taku,
wata marubuciya daga Kano